Tambaya da Amsa: Ɗan Dattin da Ke Karya Ƙarfe ta Ciki

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda, ko da yake masu su ba sana'a ɗaya suke yi ba. Kowa ƙarfensa ya karye ta inda bai zata ba. Mun zaɓi takwas, mun taƙaita wasu, injiniyoyin da ke kula da wannan fili suka amsa. Duk inda aka ce digiri, ma'aunin Salshiyas ake nufi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sana'ata ƙira, gadonta na yi. Wani ƙarfen in ya yi ja na ɗora shi kan uwar maƙera, ina sauke masa masaba sai ya riƙa tsattsagewa ta gefe. Wani kuma ya ƙeru lafiya ya zama fartanya, ran da aka kai ta tsandauri ta ɓalle. Duk wajen 'yan gwangwan nake saye. Mene ne bambancinsu?
Wani maƙeri, Lokon Maƙera

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Cuta biyu ce daban, amma mazauninsu ɗaya.

Ƙarfe ba dunƙule guda ba ne. Lokacin da narkakke ke daskarewa, daskarewar na tashi ne daga wurare masu yawa a lokaci ɗaya, kowane wuri ya yi ta girma har ya ci karo da maƙwabcinsa. Abin da ya fito shi muke kira tsaba, kuma ita ce ɓarje-ɓarjen da ake gani a bakin karaya. A yawancin ƙarfen aiki faɗin tsaba ɗaya bai wuce kashi 1 zuwa 10 cikin 100 na milimita ba. Cikin kowace tsaba ƙwayoyin zarra a jere suke sahu-sahu, sai dai sahun wannan ba ya fuskantar inda na waccan ya fuskanta. Kamar gonaki biyu ne masu maƙwabtaka, wannan kunyoyinta sun miƙe gabas, waccan sun karkata arewa: a kan iyaka kunya ba ta haɗuwa da kunya, sai a sami 'yar rata, kuma a nan gamba da sauran ciyawa ke samun wurin zama. Iyakar tsaba ke nan. Kaurinta bai fi ƙwayar zarra biyu ko uku ba, amma duk baƙon sinadarin da bai sami masauki cikin sahu ba, nan yake nufa.

Mai tsagewa da zafi, yawanci farar wuta ce a cikinsa. Daskararren ƙarfe ba ya iya riƙe ta sai ɗan mitsitsi, don haka yayin daskarewa ake ta tura ta gaba har ta maƙale inda ya daskare daga ƙarshe. A can take haɗuwa da ƙarfe su zama siririn shafi mai narkewa a digiri 988. Shi ƙarfen kansa sai wajen 1500 yake narkewa, ƙira kuwa tsakanin 900 da 1200 ake yin ta. Ashe a daidai zafin da ake dukansa tsabar na nan da ƙarfinta, abin da ke riƙe da su ne ya zama ruwa. Maganin da masana'antu ke yi tun 1856, lokacin da Robert Mushet ya gyara hanyar Bessemer ta tace ƙarfe a Ingila, shi ne zuba manganis. Manganis na kama farar wutar su zama 'yan dunƙule a warwatse waɗanda sai sama da digiri 1600 suke narkewa. Ana so manganis ya ninka farar wuta kamar sau 20. Akwai kuma ƙarfen da aka cika wa farar wuta da gangan, kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100, don ya yi daɗin yanka a injin sassaƙa. Ƙananan sandunan inji da wasu noti irinsa ne, kuma bai dace da ƙira ko walda ba.

In ƙarfe ya fara tartsatsi cikin wuta, wannan ya ƙone: iyakokin sun narke, iska ta shige su. Ba ya gyaruwa, sai a yanke wurin a yar.

Mai ɓallewa bayan ya huce, fosfaros ake fara zargi. Shi ba ya narkewa a iyaka, zama yake yi ya rage wa tsaba riƙon juna. Kowane ƙarfe irin wannan yana da wani zafi da in aka yi ƙasa da shi yakan bar danƙo ya koma gautsi, kuma duk ƙarin kashi 0.01 cikin 100 na fosfaros na ɗaga wannan ma'auni da kimanin digiri 7. Shi ya sa kayan da suka jure aiki da bazara kan ɓalle da asubar hunturu. Daga tama yake zuwa. Tamar Itakpe fosfaros ɗinta kaɗan ne, ta Agbaja kuwa yana da yawa, duk a jihar Kogi. Sai 1878 Sidney Thomas da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka samo yadda ake cire shi da farar ƙasa a tanderu.

Kafin a sayi tuli, a yanki guntu biyu. Na farko a sa shi wuta ya yi ruwan ɗorawa, a daɓe bakinsa ya yi faɗi, a lanƙwasa. In gefen ya dare, a bar shi. Na biyu a yi masa tsaga da zarto kamar kwata na kaurinsa, a ɗaure, a doke shi a sanyi. Mai kyau zai lanƙwashe ya yage, bakin ya fito toka-toka mai zare. Marar kyau zai ɓalle ƙas, bakin yana ƙyalli. Sannan a riƙe gawayin ƙirya da aka gada. Gawayin itace kusan ba shi da farar wuta, kwal kuwa yana da ita, kuma ƙarfe mai zafi na shan ta.

TAMBAYA: Ina aji uku a sashen injiniyan kanikanci. An ce mana fosfaros kashi 0.05 cikin 100 na iya lalata ƙarfe. Rabin kilo ke nan cikin tan guda. Ta yaya? Kuma baƙon zama kawai yake yi a iyakar, ko yana sauya tsarinta?
Wata ɗaliba, Jami'ar Bayero

AMSA: Ƙanwarmu, yi lissafin da kanki ki gani. Ɗauki tsaba mai faɗin maikiromita 50, wato milimita 0.05. Faɗin iyakoki cikin ƙarfe kusan 3 ne a raba da faɗin tsaba, wato murabba'in mita 60,000 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri. Kilo ɗaya na ƙarfe ke nan yana ɗauke da iyakoki wajen murabba'in mita 7 zuwa 8. Shimfiɗa ɗaya ta zarra kaurinta kimanin nanomita 0.25 ne (nanomita miliyan ɗaya ne a milimita). In kin ninka, za ki ga baƙin zarra 15 cikin miliyan sun isa su rufe iyakokin kaf. Kashi 0.05 na fosfaros a nauyi kuwa ya kai zarra 900 cikin miliyan, wato ninki 60 na abin da ake bukata. Don haka takardar gwajin da ta ce kashi kaza matsakaici kawai ta faɗa. A kan iyaka yawan na iya ninka wannan sau ɗaruruwa, na farar wuta ma sau dubbai.

Abin da ke kai su can, rashin dacewa ne. Zarrar da girmanta ko halinta ya saɓa da na masu gida tana takura sahu, a iyaka kuwa akwai rata. Donald McLean ya fitar da lissafin wannan a 1957. Abu biyu ke ja-in-ja: in zafi ya yi yawa baƙin sukan watse cikin tsaba, in ya yi ƙasa ba sa iya tafiya. A tsakiya ne suke da halin tafiya da kuma dalilin tsayawa, kuma wannan tsakiyar ce za ki yi ta cin karo da ita a sauran amsoshin nan.

Tsarin kuwa yana sauyawa, kuma a ganinmu nan ne ilimin ya fi daɗi. A jan ƙarfe, zarrar bismut ta fi ta mai gida girma nesa. In ta taru, iyakar da take a miƙe sai ta kakkarye ta zama hawa-hawa mai fuskoki. A 1988 Ference da Balluffi sun nuna abin na komawa: a ɗaga zafi bismut ya watse iyaka ta miƙe, a sauke ta sake kakkaryewa. A 2007 Shen Dillon da Martin Harmer na Jami'ar Lehigh a Amurka suka rarrabe yanayi shida da iyaka kan shiga, daga mai tsabta, zuwa mai shimfiɗa ɗaya, biyu, uku, har zuwa shafi mai kauri. A yumɓun alumina suka fara gani, amma a 2011 aka hango irinsa a nikel mai bismut: shimfiɗa biyu cif, kowace ta manne gam da nikel ɗin ɓangarenta, riƙon da ke tsakanin bismut da bismut kuwa ba ƙarfi. Ta nan karaya ke bi. A 2020 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Dusaldof a Jamus suka ɗauki hoton tsari biyu mabambanta zaune a kan iyaka ɗaya ta tsantsar jan ƙarfe. A 2024 kuma aka ga yadda baƙin ƙarfe kaɗan cikin titaniyam ke sa zarra su yi keji mai fuska 20 a kan iyaka, kejin na ƙaruwa da ƙaruwar baƙon. Amfanin sanin wannan shi ne, sauyin ba a hankali yake zuwa ba. Iyaka na iya tsallakawa daga wani tsari zuwa wani a ɗan ƙarin zafi ko datti, ƙarfinta da saurin tafiyarta su sauya nan take.

Wanne baƙo ke raunanawa, wanne ke ƙarfafawa? Rice da Wang sun ba da ma'auni a 1989: in sinadari ya fi samun sauƙin zama a buɗaɗɗiyar fuska fiye da cikin iyaka, to rabuwar tsaba riba ce gare shi, zai sauƙaƙa ta. Farar wuta, fosfaros, kuza da antimoni haka suke a baƙin ƙarfe. Kabon da boron akasin haka.

In aikin kammala karatu kike nema, ga wanda za ki iya. Yanko sanduna daga rodi iri ɗaya, a gyara su milimita 10 da 10 da 55, da tsaga mai zurfin milimita 2. Ba su zafi daban-daban, ki karya a injin Charpy mai auna juriyar duka. Goge wasu su yi sheƙi, ki shafa ruwan naitirik mililita 2 cikin 98 na etanol na daƙiƙa 5 zuwa 15. Madubin ɗakin gwaji zai nuna miki girman tsaba da hanyar da tsaga ta bi. Baƙin zarrar kansu ba zai nuna su ba, wannan sai manyan na'urori.

TAMBAYA: Ni ɗan kwangila ne. Mun sayo rodi mai milimita 12, masu lanƙwasa suna aiki yana ɓallewa a gwiwa, wasu kuma jikinsu duk 'yan tsage-tsage. Laifin wa?
Wani magini, Ƙofar Ruwa

AMSA: Alhaji, a fara duba hannun masu aiki. Rodin da bai wuce milimita 16 ba, sandar da ake naɗe shi a kai kada faɗinta ya gaza ninki 4 na kaurinsa, wato milimita 48 ga naku. Wanda ya fi haka kauri, ninki 7. Kuma wanda aka lanƙwasa ya kwana biyu aka dawo miƙarwa yakan karye ko da mai kyau ne.

In an kiyaye wannan yana ɓallewa, ƙarfen ne. Kusan duk rodin da ake yi a ƙasar nan daga narkakken gwangwan ne, kuma ba aibu ba ne in an tace. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 4449 ta tsayar da kabon a kashi 0.22 cikin 100, farar wuta 0.05, fosfaros 0.05. In an cika tanderu da sifirin da kan inji, kabon ya haura, rodi ya yi tauri ya rasa danƙo. 'Yan tsage-tsagen jiki kuwa sun fi kama da aikin jan ƙarfe. Yana shigowa ta wayoyin mota da naɗin janareta da ba a ciccire ba, kuma hura iska a tanderu ba ya fitar da shi, domin baƙin ƙarfe na riga shi ƙonewa. Haka ma a tanderun murza: fatar ƙarfen ta ƙone ta zama ɓawo, jan ƙarfen ya rage a ƙarƙashi yana taruwa. Da an wuce digiri 1085 ya narke ya silale cikin iyakokin tsaba, injin murza ya buɗe su. Daga kashi 0.2 ake fara ganin wannan. Kuza na ƙara ɓata lamarin, nikel na rage shi. Rodi kan ɗauki jan ƙarfe wajen 0.4, amma farantin jikin mota ba ya son fiye da 0.06.

A nemi takardar gwaji mai lambar zubi, a ga lambar ta yi daidai da ta jikin ƙunshin. A ɗauki sanda uku daga ƙunshi daban-daban a kai ɗakin gwaji a ja su, a lanƙwasa, a auna sinadaransu. Wanda ya faɗi kada ya shiga ginshiƙi ko dakali, kuma a sanar da hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Rayukan mutane ne za su kwana ƙarƙashinsa.

TAMBAYA: Na haɗa wa masu ruwan leda tanki da farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Bai shekara ba ya fara yoyo, kuma ba a kan waldar ba, a gefenta, layi biyu suna bin ta. Waldata tana nan lafiya.
Wani mai walda, Dakata

AMSA: Malam, yadda ka kwatanta layin nan biyu ya kusa faɗin sunan cutar. Abin da ke kare wannan ƙarfe kuromiyam ne. Nau'in 304 yana da kashi 18 da nikel kashi 8, kuma kariyar na tsayawa muddin kuromiyam bai yi ƙasa da wajen kashi 12 ba. Tsakanin digiri 450 da 850, kabon da ke cikin ƙarfen yakan ruga iyakar tsaba ya kama kuromiyam, zarra 23 na kuromiyam ga 6 na kabon. Kabon ƙarami ne, daga nesa yake zuwa da sauri. Kuromiyam nauyin tafiya gare shi, don haka na bakin iyaka ake kwashewa, na cikin tsaba bai iso ya cike gurbin ba. Sai a bar wani siririn zirin da ba shi da kariya a gefen kowace iyaka. Ruwa mai gishiri ko kulorin ya bi zirin yana ci, har tsaba ta riƙa zubewa. Kan waldar da dab da ita sun wuce wannan zafi sun huce da sauri. 'Yan milimitoci gefe ne suka daɗe a ciki, shi ya sa layi biyu.

A ƙarfe mai kabon 0.08 mintuna kaɗan sun isa. Mai 0.03 sai ya yi sa'o'i. Saboda haka sayi 304L ko 316L, harafin ƙarshen na nufin kabon bai wuce 0.03 ba, ka yi aiki da sandar E308L ga na farko, E316L ga na biyu. Akwai 321 mai titaniyam da 347 mai niyobiyam, waɗanda ke riga kuromiyam kama kabon. Rage wuta, yi sauri, ja siririn layi ba tare da kaɗa hannu ba, kuma bar wurin ya sauko ƙasa da digiri 150 kafin ka maimaita. Ƙaramin abu ana iya ceto shi: a kai shi 1050 zuwa 1100 a tsoma a ruwa. Tanki ba ya shiga tanderu, sai a yanke zirin a sa sabo.

Hattara da nau'in 201 da ake sayarwa da sunan 304. Nikel ɗinsa kaɗan ne, kabon na iya kai 0.15, kuma maganaɗisu ba ya raba su, duka biyun ba ya kama su. Kada kuma jan ƙarfe ko tutiya su taɓa inda za ka yi walda. In sun narke, iyakokin suke bi su tsaga.

TAMBAYA: Da sifirin mota nake ƙera adda da gatari. Suna kaifi, amma wasu na ɓantarewa, bakin karayar tsaba manya-manya masu ƙyalli. Ruwa nake tsomawa.
Wani maƙeri, Kasuwar Kurmi

AMSA: Malam, manyan tsabar nan shaida ce cewa wuta ta yi yawa kafin tsomawa. Da zafi tsaba na cinye juna. In sun yi girma iyakoki sun ragu, fosfaros ɗin da zai bazu a fili mai yawa ya cunkushe a kaɗan. Sifirin kuma kabon ɗinsa wajen 0.6 ne, kuma a irin wannan ƙarfe fosfaros na taimaka wa wani siririn shafi mai gautsi fitowa a iyakokin tun wajen tsomawa. Hall a 1951 da Petch a 1953 sun nuna ƙanƙantar tsaba na ƙara ƙarfi, kuma tana ƙara danƙo tare.

Bayan ka gama ƙira, mai da shi wuta har maganaɗisu ya daina kama shi, digiri 770 ke nan, ka ɗan ƙara kaɗan, ka fitar ya huce a iska. Yi haka sau biyu ko uku, kowane zagaye na haifar da sabbin ƙananan tsaba. Wajen tsomawa kai shi 830 zuwa 850, ja mai haske in an duba a inuwa, ka tsoma a mai mai ɗumi. Ruwa ya yi wa sifirin tsanani. Nan take ka goge ka gasa a 200 zuwa 230 na awa ɗaya, har bakin ya yi launin kara, ka maimaita. Tsakanin 260 da 370 danƙon irin wannan ƙarfe raguwa yake yi maimakon ƙaruwa, kada baki ya zauna a nan.

Masu gyaran manyan sandunan inji su lura da wani zangon, 375 zuwa 575. Ƙarfe mai kuromiyam, nikel ko manganis in ya daɗe a nan, fosfaros, kuza, antimoni da asenik sukan taru a iyaka. A Satumbar 1969 injin tashar lantarki ta Hinkley Point A a Ingila ya tarwatse, bincike ya nuna fayafayansa sun yi wannan gautsi saboda an bar su sun huce a hankali cikin tanderu. Wannan kam yana warkewa: a kai sama da 600 a sanyaya da sauri. Molibdinam kashi 0.2 zuwa 0.5 na rage shi.

TAMBAYA: Na narka tsofaffin sarƙoƙi da 'yan kunne, ina jan waya tana tsinkewa, ina daɓewa tana darewa. Zinariyar kuwa mai kyau ce.
Wani maƙerin fari, Sabon Gari

AMSA: Malam, nemi dalma. Ko ƙasa da kashi 1 cikin 1000 ta isa, domin tana haɗuwa da zinariya su yi shafi mai gautsi a iyakar tsaba. Tun 1888 Roberts-Austen na gidan buga kuɗin Ingila ya gwada zuba kashi 0.2 na sinadarai daban-daban a zinariya, ya ga dalma da bismut na kashe mata danƙo. Hanyar shigarta biyu ce: tsohon gyaran da aka yi da dalmar liƙi, da dunƙulen dalmar da ake daɓe ado a kansa. Duba kowane guntu, ka yanke duk inda ka ga liƙi mai toka-toka kafin narkawa. Ware wa zinariya kaskonta. Wadda ta riga ta gurɓata, sake narkawa ba ya fitar da dalmar, sai an kai ta tacewa.

TAMBAYA: Muna zubin tukwanen alminiyam. Wasu na tsagewa a kunne tun cikin ƙasar zubi, wasu in sun faɗi su fashe. Me za mu daina zubawa?
Wani mai zubi, Ƙofar Wambai

AMSA: Malam, fashewar yawanci baƙin ƙarfe ne. Narkakken alminiyam na cin baƙin ƙarfe, daga tukunyar narki, da ludayi, da zoben fistin da kusoshin da aka bari. Wajen daskarewa sai ya haɗu da silikon su zama siraran allurai masu gautsi a tsakanin tsaba, su kuma tare hanyar da ruwan ƙarfe zai bi ya cike gurbi. A zubin ƙasa ana so ya tsaya ƙasa da kashi 0.6. Ku bi gwangwan da maganaɗisu kafin narki. Ku shafe ludayi da kwaɓin farar ƙasa ko yumɓu, ya bushe ƙarau a bakin wuta. Alminiyam a 660 yake narkewa, ku zuba tsakanin 700 da 750. Wuce haka na ƙara cin ƙarfe, da shan haidirojin mai sa ƙananan ramuka. Manganis kimanin rabin yawan baƙin ƙarfen na mai da alluran su zama dunƙule marasa kaifi.

Tsagewar kunne kuwa, wurin ya fi kauri, shi ke daskarewa daga ƙarshe, jiki na jan sa alhali iyakokinsa na da sauran ruwa. Ku zagaye kusurwar, kuma kada gwangwanin lemo ya yi yawa. Shi silikon ɗinsa kaɗan ne, fistin kuwa yana da wajen kashi 12, wanda ke sa zubi ya gudana.

Abin da muka fi jin tsoro dalma ce. Ba ta narkewa cikin daskararren alminiyam, ɗigo-ɗigo take zama a tsakanin tsaba, kuma abinci mai tsami irin miyar yakuwa, tumatir da kunun tsamiya na tsamo ta. Binciken da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi a Kamaru ya sami dalma na fita cikin ruwan dahuwa. Mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Lagireto mai liƙi, kan batir, dalmar daidaita taya da allunan rediyo, kada ko ɗaya ya shiga tukunyar abinci.

TAMBAYA: To duk baƙon sinadari ɓarna yake yi? Na ji an ce faifan garmar tarakta akwai wani abu a ciki da ke sa shi ƙarko.
Wani bakanike, Kwakwaci

AMSA: A'a, Malam, akwai waɗanda ake aika su iyakar da gangan. Yawancin fayafayan nan ƙarfe ne mai boron, giram 5 zuwa 30 kacal a tan guda. Boron na zama a iyaka ya jinkirta fitowar tsari mai laushi, wanda daga iyaka yake farowa, sai tauri ya ratsa har ciki wajen tsomawa. Ana haɗa shi da ɗan titaniyam don ya kama naitirojin, in ba haka ba naitirojin ya cinye boron ɗin. In kuma ya yi yawa, shi ma gautsi yake kawowa. A 1979 Aoki da Izumi a Japan sun zuba kashi 0.1 na boron a wani haɗin nikel da alminiyam da ke farfashewa ta iyaka, ya koma yana miƙewa sama da kashi 30 cikin 100 kafin ya tsinke. Niyobiyam kashi 0.02 zuwa 0.05 kuma na kafa 'yan ƙwayoyi a iyaka su hana tsaba girma da zafi.

In tsohon faifai za a mayar fartanya ko garma, kabon ɗinsa wajen 0.3 ne, ƙasa da na sifirin, don haka yana son wuta ta ɗan fi: 860 zuwa 900. Yana jure tsomawa a ruwa, a bi da gashi a 150 zuwa 200 na awa ɗaya. A fara duba gefen ramukan noti, nan tsohuwar tsaga ta fi ɓuya, a yanke wurin kafin a sa shi wuta.